KOWACE HANYA TA SHA RUWANTA

Ƴan'uwa na rassan Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da na dukan garuruwan kasuwa: Maganar wannan fitowa maganar ruwan sama ce, da yadda ya kamata a shirya hanyoyin garuruwanmu domin su karɓe shi. Muna roƙon kowane magatakardan reshe ya karanta wa jama'a takardan nan da babbar murya, har wanda bai iya karatu ba ya ji.

Ku duba wannan abin mamaki. Wata takwas na shekara talakan birni yana sayen ruwa wurin ƴan garuwa, mata da yara suna layi bakin famfo tun asuba. Sa'an nan damina ta faɗi, ruwan nan da muka yi ta roƙon Allah ya zo, sai ya bi hanya da gudu, ya ci gindin katanga, ya kwashe kayan ƴan tebur, ya rushe ɗaki bisa mai shi. Kwana uku da ɗaukewarsa kuma mu koma layin famfo. Ƙasar da ruwa ya yi wa ƙaranci ita ce kuma ruwa ke kashe wa mutane. Lalle akwai abin da ba a yi daidai ba.

ABIN DA YA FARU, KADA A MANTA

A shekarar 1945 Gulbi ya cika ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, har hukumar Nasara ta tashi garin ta mai da shi bisa tudu. Shi ya sa hanyoyin Maraɗi suke a miƙe kamar an ja su da igiya. A watan Satumba na 2020 kogi ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, madatsa ta ɓalle, Lamorde da sauran unguwannin ƙetaren kogi suka nutse. A daminar 2024 kuwa fiye da mutum 300 suka rasu a ƙasan nan, fiye da miliyan ɗaya suka yi asarar gida ko gona ko dabba. Jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi shan wuya. A farkon Satumba na wannan shekarar tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 yana tsaye, ya faɗi. Har buɗe lakwal sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen Oktoba, domin waɗanda ruwa ya kora suna kwana cikin azuzuwa.

In an yi irin wannan, sai manya su zo da buhunan hatsi da tabarmi, a ɗauki hoto, a ce haƙuri, daga Allah ne. Gaskiya ne, ruwa daga Allah yake. Amma hanyar da ruwa ke bi cikin gari mutum ne ya zana ta, mutum ne ya sa hannu aka sayar da filin tabki, mutum ne ya zuba juji cikin lambatu. Wannan kashin namu ne, shi kuma za mu yi magana a kai.

LISSAFIN DA KOWA ZAI IYA

Milimita ɗaya ta ruwan sama bisa fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, lita ɗaya ke nan. To, a ce an yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, irin wanda kowa ya sani a watan Agusta. Rufin kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi zai zubo da lita 5,000, watau ganga 25 mai lita 200. Hanyar kwalta mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin mita 10 za ta tara lita 500,000. Kwalta ba ta shan ko ɗigo, kwano da siminti haka. Ku ƙidaya rufin da ke unguwarku, ku ƙidaya indararon da ke zuba kan hanya, za ku gane inda ƙoramar da ke bi ta ƙofar gidanku ta samo asali.

Yamai wajen mutum 30,000 gare ta a 1960. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da miliyan ɗaya. Duk inda dā gona ce ko jigawa mai shan ruwa, yau rufi ne da tsakar gida mai daɓen siminti da hanyar da ƙafa da mota suka danne har ta zama faƙo. A ƙauye ma haka zancen yake: inda aka sare itace, ƙasa ta yi ɓawo, ruwa ba ya shiga. Shi ya sa jan ruwan da Sirba da Dargol da Goruwal ke kawo wa kogi a Agusta da Satumba ya ƙara ƙarfi, har ya kan zarce cikar da ke zuwa daga Gine a lokacin ɗari.

ILMIN DA AKA BAR MANA

Injiniyan zamanin mulkin mallaka darasi ɗaya ya zo da shi daga ƙasarsa: ruwa abokin gaba ne, a kore shi daga gari da sauri. A gina lambatun siminti, a miƙe shi, a kai shi kwari. Unguwar Turawa aka yi wa wannan, aka dasa mata maɗaci da dogon yaro, unguwar talakawa kuwa aka bar ta da ƙura da taɓo. Nasara ya tafi tun 1960, darasinsa yana nan cikin ofisoshinmu.

Ba mu ce lambatu ba shi da amfani ba. Amma ku dubi halinsa a garuruwanmu. Yana da tsada ƙwarai, har ba a iya yi wa kowace unguwa. Duk rani iska tana cika shi da rairayi, mutane suna cika shi da leda, ko da yake tun 2014 akwai dokar da ta hana ledar da ba ta ruɓewa. Ruwan fari na damina ya tarar da shi a toshe. Inda bai toshe ba kuma, sai ya tara ruwan unguwa goma ya sauke shi gaba ɗaya bisa unguwar da ke gangare, wadda galibi ta matalauta ce. Mai gida a tudu ya huta, mai gida a kwari ya kwana tsaye yana kwalfa. A bakin lambatu kuma kwazazzabo ke buɗewa yana cin gidaje. Mutanen da ke zaune gefen kwarin Guntu Yena, wanda ya raba Yamai biyu, ba sai an ba su labari ba.

MANOMI YA RIGA INJINIYA

Ga abin da muke so ku riƙe. Manomin ƙasan nan ya daɗe da gane cewa ruwa a inda ya faɗi ake kama shi, tun bai yi gudu ba. A ƙasar Illela da Badagishiri manoma sun haƙa tassa, ƴan ramuka masu taki a ciki, suka rayar da faƙon da an riga an yafe shi. A tsaunukan Adar, tun aikin Keita da aka fara a 1984, an yi rabin wata, an jera duwatsu a gicciye bisa gangare, ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. A kwarin Majiya an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 domin kare gero daga iska. A jihohin Maraɗi da Damagaram manoma sun daina ƙone kututture, suka riƙa renon tohon da ya fito da kansa, har masana suka ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200. Baƙi suna zuwa daga nesa su koyi wannan wurin talakanmu.

To, me ya hana a shigo da wannan ilmi cikin gari? Wasu ƙasashe sun riga sun yi, da sunaye masu daɗin ji. Birnin Filadelfiya na Amurka ya ɗauki shiri na shekara 25 a 2011, domin hanyoyi da filaye su shanye milimita 25 ta farkon kowane ruwa kafin ta kai lambatu. Ƙasar Sin ta fara abin da ta kira birni mai soso a 2015, a birane 16. Wanda ya fi kama da mu shi ne Tusan, a hamadar Arizona, inda ruwan shekara bai wuce milimita 300 da ɗan wani abu ba, yana kuma zuwa da hadari mai ƙarfi a tsakiyar zafi. Can mutanen unguwa suka riƙa yanka ƙofa a jikin dakalin bakin hanya, ruwa ya shiga ramin itace, daga baya hukumar gari ta yarda da abin ta mai da shi tsari. Ku duba da kyau: rabin wata ne aka yi a bakin kwalta.

YADDA AKE YI

Kada a ce mun yi ta kururuwa ba mu faɗi aiki ba. Ga shi dalla-dalla.

Na farko, ramin itace. Yadda ake dashe a garuruwanmu a juye yake: a tara ƙasa a gindin itace kamar kabari, ko a kewaye shi da zoben siminti, ruwan hanya ya wuce shi, sa'an nan a sa yaro ya ɗauko ruwan saye ya ba shi. Abin da ya kamata, a haƙa kwaroro a gefen hanya, tsakanin inda mota ke bi da inda masu ƙafa ke bi, faɗinsa mita ɗaya ko ɗaya da rabi, tsawonsa mita uku ko huɗu, ƙasansa ya yi ƙasa da hanya da taƙi ɗaya, watau santimita 15 zuwa 20. A sassauta ƙasar ciki, a gauraya ta da taki da rairayi, a rufe da kara ko tsakuwa. Itacen a dasa shi a kafaɗar kwaroron, domin kada gindinsa ya jiƙa ya ruɓe. Kwaroro mai mita huɗu tsawo da mita ɗaya da rabi faɗi, mai zurfin santimita 20, yana riƙe lita 1,200 a cika ɗaya, ban da wanda ƙasa ke sha ana cikin ruwan. A jera hamsin a hanya guda, lita 60,000 ke nan da ba za ta sauka unguwar gangare ba.

Na biyu, ƙofar shiga da ƙofar fita. A bar wa ruwa ƙofa a dakalin hanya ta wajen tudu. A bakin ƙofar a yi ɗan rami a shimfiɗa duwatsu, domin rairayi da leda su tsaya nan inda shebur zai kwashe su. Wannan shi ne ran aikin a ƙasarmu, gama rairayi ya fi ruwa kashe irin waɗannan ramuka. Ta wajen gangare kuma a bar ƙofar da rarar ruwa za ta fita ta koma hanya, ta shiga kwaroro na gaba. Kwaroron da ba shi da mafita tarko ne.

Na uku, daɓen hanya. Tubalan siminti da ake jerawa bisa rairayi, waɗanda muke kira fabe, an san su a garuruwanmu. In ba a liƙe tsakaninsu da siminti ba, ruwa yana ratsawa. Ƴaƴanmu ke buga su, ƴaƴanmu ke jera su, in wuri ya lalace a ɗaga a gyara a mayar. Kuɗinsu a cikin gari yake tsayawa, kwalta kuwa daga waje ake sayo ta. Hanyoyin cikin unguwa, da gefen da masu ƙafa ke bi, da tashar mota, da filin kasuwa, duk fabe ya ishe su.

Na huɗu, hanyar gangare. Inda hanya ta yi tudu da gangare, a jera duwatsu a gicciye cikin magudanar gefe, kowane ƴan mitoci, kamar yadda mutanen Adar ke yi a gona, a dasa jema ko gamba a bayansu. Ruwan da ya yi ta tuntuɓe ba ya haƙa rami.

Na biyar, irin itacen. A zaɓi wanda ke jure rani, ya kuma jure jiƙa na kwana ɗaya ko biyu. Dogon yaro ya saba da mu, amma kada a cika gari da shi shi kaɗai, domin ciwo guda na iya kwashe su duka. Akwai maɗaci da tsamiya ga hanya mai faɗi, akwai aduwa da bagaruwa da kurna da magarya. Ceɗiya da durumi inuwarsu ba ta da na biyu, sai dai saiwarsu na tsaga gini, don haka filin kasuwa da dandali suka dace da su. Shekara biyu ta fari a kewaye dashen da ƙaya ko waya saboda awaki.

Na shida, gida. Ruwan indararo ya shiga ganga ko randa ko rijiyar siminti tukuna. Rararsa ta shiga gindin itacen tsakar gida. Abin da ya rage kaɗai ya fita hanya.

GA MASU CEWA

Wani zai ce, ai sauro za ku tara mana. Tambaya ce ta gaskiya, ga amsarta. Sauro yana bukatar wajen mako guda cikin ruwa kwance kafin ya tashi daga ƙwai ya yi fiffike. Ka'idar kwaroro ita ce ya tsotse cikin kwana biyu. Kafin a yi aiki a haƙa ɗan rami, a cika shi da ruwa, a duba. In ya kwana biyu bai tsotse ba, ƙasar laka ce ko dutse, wurin bai dace ba. Gidan sauro na gaske shi ne lambatun da ya toshe da kududdufin da ya zama juji.

Wani zai ce, ruwan zai jiƙa mana katanga. Shi ma ya yi gaskiya, gininmu yawanci na ƙasa ne. Don haka kwaroro ya nisanci katanga da mita uku in hanya ta ba da hali. A lungu mai ƙunci kada a haƙa, a bi da ruwan a hankali zuwa fili mafi kusa. A nisanci salga da rijiya ƙwarai, kada a tura ƙazanta cikin ruwan sha. A wasu unguwannin Yamai ruwan ƙarƙashin ƙasa ya riga ya taso har yana ɓullowa cikin gidaje. Nan ba a ƙara wa ƙasa ruwa, itace mai yawan sha ake dasawa, a buɗe magudana. Damagaram kuwa bisa dutse take zaune, ruwa ba ya nisa ƙasa. Maganinta a tsare tabkunanta, a yashe su, a haɗa su da juna.

Wani kuma zai ce, ramin itace zai tare kogi? Ba zai tare ba, kada kowa ya ruɗe ku. A watan Yuli na 2021 birnin Zhengzhou na ƙasar Sin, wanda aka kashe wa kuɗi mai yawa a shirin soso, ya sami fiye da milimita 200 cikin awa ɗaya, ya nutse, ɗaruruwan mutane suka mutu. Ruwa irin wannan sai babbar magudana, da madatsa mai ƙarfi, da hana gini a hanyar ruwa. Aikin kwaroro shi ne ruwan yau da kullum, wanda ke zuwa sau da yawa kowace damina yana cin hanya yana cika lambatu da rairayi. In an rage wannan, lambatun da muke da shi zai sami sarari ranar babban ruwa.

FILIN RUWA BA NA SAYARWA BA NE

Nan ne maganar ta fi zafi. Kowane garinmu yana da wurin da ruwa ke kwana tun kaka da kakanni: tabkin Babaye a Tawa, tabkunan Damagaram, fadamar Gulbi a Maraɗi, kwarin Guntu Yena a Yamai. A 1965 aka fara dasa kurmin da ya kewaye Yamai, wanda aka shirya ya kai hekta 2,500. Yau an yanka babban kashinsa an yi fulotai. Wanda ya sa hannu bisa takardar filin tabki ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Wanda ya saya ya gina, shi ruwa ke tasa da tsakar dare, shi da maƙwabtan da ba su ci ko dala ba. Ruwa ba ya karanta takardar fili, in ya zo gidansa zai shiga.

Tun 1975 ake dashen itace ranar 3 ga Agusta a ƙasan nan. Ku tambayi kanku, a garinku, nawa ne cikin na bara suke da rai? Itacen da aka dasa a tudun ƙasa domin hoto, watan Afrilu ke kashe shi. Wanda aka dasa a kwaroro, hanya ce ke shayar da shi.

AIKIN RASSA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin nan na rani ne, a gama shi kafin ruwan fari. Muna umartar kowane reshe da waɗannan:

1. A naɗa kwamiti na mutum biyar, cikinsu lalle da mace, da magini, da manomin da ya taɓa haƙa tassa ko rabin wata.

2. In ana ruwa, a fita a bi shi da ƙafa, a zana inda ya fito, inda ya bi, inda ya kwanta. A tambayi tsofaffi inda tabki yake dā.

3. A zaɓi hanya ɗaya tak, ta wajen tudu, domin daga sama ake kama ruwa. A nemi izinin hukumar gari da mai unguwa, a tambayi ma'aikatan ruwa da na lantarki inda bututu da waya suka bi kafin a sa diga.

4. A yi gayya. Ba aikin tilas ba ne irin wanda aka soke a 1946, kowa ƙofar gidansa yake gyarawa. Kowane kwaroro a ba shi mai shi da suna, wanda zai kwashe rairayi bayan kowane ruwa.

5. A je wurin hukumar gari a nemi abu uku a rubuce: kada a ba da kwangilar hanya sai an nuna inda ruwanta zai shiga, a shata iyakar kowane tabki da kwari a kafa alama, a ware kuɗin yasar lambatu daga lanho da kuɗin kasuwa, a yi yasar kafin watan Yuni.

6. A rubuto mana abin da aka gani bayan damina, da wanda ya yi kyau da wanda ya ɓaci, mu buga domin sauran rassa su ƙaru.

Ƴan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada ku jira injiniya daga waje da jakar kuɗi. Diga da shebur da amalanke guda na duwatsu sun isa a fara hanya ɗaya, in jama'a suka ga inuwa da ƙofar gida busasshiya, hanya ta biyu da kanta za ta nemo ku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da sharrinta. Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa na kusa da shi.